Bangon da Ke Kallon Ƙofa

Kankiya,
24 ga Maris.

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Hawwa da sauran mutanen gida, kuma ana shan ruwa lafiya. Ni nan da sauƙi. Ƙafar da na karya a faɗuwar babur tana nan a ɗaure, kuma mai ɗori ya hana ni taka ta ko shiga mota har sati shida. Wannan ne dalilin da ya sa ban zo Kusada da kaina ba.

Na san ba mu cika shiri ba, kuma duk lokacin da muka yi magana ta waya sai murya ta tashi. Saboda haka na zaɓi takarda, domin abin da aka rubuta ba ya canzawa. Kakanninmu uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma kai ne maginin da ke kusa da gidanmu. Ba don kaina nake roƙo ba, don Yaya Adawiyya ne.

Kamar yadda ka sani, bayan rasuwar mijinta na kawo mata 'yan tsaki a watan Disamba domin ta samu abin dogaro da kai. Arba'in da biyar suka rayu a hannunta, kuma saura kimanin wata guda su fara ƙwai. Muzuru ya fara yi musu ɗauki ɗai-ɗai a rumfar da suke kwana, shi ya sa aka tayar da akurkin ƙasa a bayan gida, wanda na ji ka kai shi rufi. Abin da ya rage shi ne maganar iska, ga shi bazara ta kama.

Na samu wata Ƙasida a shagon Madam Funke mai sayar da abincin kaji, na karanta ta sau huɗu. Kaza ba ta gumi. Ta baki take fitar da zafin jikinta. Idan aka rufe ta a ɗakin da iska ba ta yawo, sai ta buɗe baki, ta saki fuka-fuki, ta daina ci, daga nan sai ta faɗi. Iska mai zafi sama take hawa, don haka dole sabuwa ta shiga ta ƙasa, tsohuwa ta fita ta sama. Ga abin da nake so a yi:

Na ɗaya, a buɗe babbar Taga a bangon da ke kallon Ƙofa, domin ta nan Iska ke shigo mana bayan azahar. Faɗinta ƙafa huɗu, tsayinta ƙafa biyu, ta fara ƙafa ɗaya da rabi daga ƙasa, a sa mata Ragar waya mai ƙananan ido. Na biyu, a bangon da ke fuskantar wannan Taga, a bar tsaga a ƙarƙashin kwano, faɗin taƙi ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa. Na uku, a shimfiɗa kara a kan kwanon don rage zafinsa. Idan an gama, a rataya zare a tsakiyar akurkin daidai tsayin kaza. In yana motsi, aiki ya yi.

Dauda direba zai riƙa kai mana takardu yana dawo da amsa. Ina roƙon a bi awon yadda yake.

Ƙanenka,
Abdullatif.

*

Kusada,
27 ga Maris.

Abdullatif,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Hawwa ce ke rubutawa, ni ke faɗi, kamar yadda ita ta karanta mani taka, tun da ka san ni allo na yi ban yi boko ba.

Mun ji kaza ba ta gumi. Mun gode, da muna nan muna jiran mu share mata goshi. Shekara talatin ina gini a garin ga, ɗakin da aka haife ka ma ni na sake yi mashi yaɓe, yau an wayi gari wata takardar shagon dusa za ta koya mani inda iska ke bi.

Bari in faɗa maka tun ba a taɓa komai ba: bangon ga da ka zaɓa ba bangon iska ba ne. A toshe yake ta baya. Ka bar ni in duba inda ya dace in huda, in sa raga, a wuce wurin. Awonka na ƙafa da rabi ba zai dame ni ba, ina da igiyar awo.

Zare kau, akwai a keken ɗinkin Hawwa. Ka faɗi kalar da kajin suka fi so.

Dalhatu.

*

Kankiya,
29 ga Maris.

Zuwa ga Malam Dalhatu,

Bayan gaisuwa, na samu takardarka. Ƙafa tana ƙaiƙayi a cikin ɗori, an ce alamar haɗuwa ce.

Ba zan amsa ba'ar da ke cikin takardarka ba, domin muna cikin kwanaki masu alfarma. Zan amsa maganar aiki kawai. Ka ce bangon a toshe yake ta baya. Idan dangar kara kake nufi, to ka sani iska tana ratsa danga, har ma tace ta take yi. A gidan nan na tashi, na san inda muke shimfiɗa tabarma idan zafi ya ishe mu. Ban zaɓi wannan bango da ka ba, sai da na zana akurkin a takarda sau uku.

Maganar a bar ka ka duba inda ya dace, ban amince ba. Irin wannan duba-duba ce ta sa ɗakunanmu da yawa suke kamar tanderu, ana huda rami inda hannu ya kai a kira shi taga. Iyawarka a jera tubali ban musa ba, amma wannan fanni ne da aka yi bincike a kansa. Ka yi yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. Idan abin ya ɓaci, ni na rubuta. Idan ka canza ya ɓaci, kai ka canza.

Allah ya kai mu Salla lafiya.

Abdullatif.

*

Kusada,
5 ga Afrilu.

Malam Akawu,

An yi Salla lafiya. Aikinka ya kammala jiya, kuma Yaya Adawiyya ta kwashe kajin ta zuba ciki.

Ban san dangar da kake faɗi ba, halan a ƙasidar take. Amma tun da ka ce ba ƙari ba ragi, haka na yi. Taga ƙafa huɗu da ƙafa biyu, raga mai ƙananan ido, tsaga taƙi ɗaya, kara bisa kwano. Zarenka na nan rataye, fari. Na tsaya kansa bayan azahar har na gaji, ko gezau bai yi ba, sai ka ce an ɗaura mashi dutse. Ni da na shiga na fito sharkaf da gumi. Kajin ga sun fara buɗe baki tun yau.

Na faɗa maka sau ɗaya ka ce ni mai jera tubali ne. Ga shi na ƙara faɗi. In kana da wani umarni sai ka aiko.

Dalhatu.

*

Kankiya,
15 ga Afrilu.

Dalhatu,

Takardarka ta biyar ga wata sai jiya ta iso hannuna. Motar Dauda ta yi kwana tara a wurin makanike, takardar tana cikinta. Tare da ita ya kawo mini labarin da babu wanda ya ga ya dace ya sanar da ni: kaji goma sha ɗaya sun mutu. Ya ce Yaya Adawiyya ce ta hana a kira ni saboda ƙafata. Ita na fahimce ta. Kai fa?

Tun jiya ban iya cin abinci ba. Na sake lissafa awon, na sake buɗe ƙasidar, babu inda na yi kuskure. Taga mai wannan girma a wannan bango ba za ta bar zare a tsaye ba. Abu biyu ne kawai: ko dai ka rage awon, ko kuma ka jingina wani abu a bayanta domin maganarka ta farko ta fito gaskiya. Ban so in rubuta wannan ba, amma na san halinka tun muna yara, ba ka yarda a gyara maka.

Idan haushina kake ji, ni ya kamata ka nema. Matar nan wata huɗu tana tashi da asuba tana dama musu dusa, ba ta da wani abu a gabanta sai su. Kowace kaza da ta faɗi, kwanon ƙwai ne da ba za ta kai kasuwa ba.

Ina so ka auna tagar a gaban shaidu, ka rubuto mini abin da ke bayanta, filla-filla.

Abdullatif.

*

Kusada,
17 ga Afrilu.

Abdullatif,

Ba gaisuwa tun da kai ma ba ka yi ba.

Ni za ka ce na kashe kajin 'yar'uwata don in ci gardama? Allah ya isa tsakanina da wannan magana. Ni na haƙa ramin da aka zuba su, kana can ka miƙe ƙafa kana lissafi.

Shaidu kake so, na kira liman da Sagir maƙwabcinku, an auna a gabansu. Ƙafa huɗu, ƙafa biyu, ko yatsa bai ragu ba. Filla-filla kake so, to ji. Ka tsaya bakin ƙofar akurki ka miƙa ido, tagarka ce gabanka, tana kallon ƙofa kamar yadda ka ce. Bayanta bangon ɗakin Sagir ne, tsakaninsu taƙi ɗaya, ko akuya ba ta wucewa. Ban jingina komai ba, ɗakin ya shekara goma a wurin. Shi na ce maka a toshe yake, ka kawo mani zancen danga.

Kuma kada ka ce a fito da su tsakar gida. Rumfar da suke fakewa, karan rufinta aka kwashe aka sa bisa kwano, umarninka na uku. Gidan ba inuwa, shaho na sama. Uku sun ƙara tafiya. Saura talatin da ɗaya.

Dalhatu.

*

Kankiya,
18 ga Afrilu.

Malam Dalhatu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarka.

Wa ya yi maganar ƙofar akurki? Ƙofa na rubuta, garin Ƙofa! Bangon gefe nake nufi, wanda ke kallon hanyar Ƙofa, inda dangar kara ta raba gidanmu da gonaki. Kowa a gidanmu haka yake faɗa: a ɗaure tunkiya wajen Ƙofa, hadari ya taso daga Ƙofa. Na ajiye kwafin takardata ta farko, yana gabana yanzu, kuma da babban baƙi na rubuta kalmar, kamar yadda ƙa'idar rubutu ta tanada ga sunan gari. Da ƙofar ɗaki nake nufi, da ƙaramin baƙi zan sa.

Ba na son in ɗora wa kowa laifi, amma Hawwa ta yi makarantar horon malamai, kuma ita ce ta riƙe takardar. Wajibinta ne da ta ga babban baƙi ta tsaya ta ce maka sunan gari ne. Kai kuma da na ambaci danga, ya kamata ka gane ba bango ɗaya muke magana a kai ba, maimakon ka mayar da abin ba'a.

Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Ka je yau, ba gobe ba, ka buɗe tagar a bangon da ke kallon garin Ƙofa, da awon farko. Ka buɗe tsaga a ɗaya gefen. Kafin nan a sa musu ruwan randa sau uku a wuni, a ɗauke abinci daga hantsi zuwa la'asar. Na roƙi Dauda ya kawo wannan ko da babu fasinja.

Abdullatif.

*

Kusada,
19 ga Afrilu.

Malam mai babban baƙi,

To ni da kunne na ji takardarka, kuma kunnena bai san babba da ƙarami ba. Ƙofa da ƙofa, ka faɗe su da bakinka yanzu ka ji in akwai wadda ta fi wata tsayi. Mutum yana zancen akurki, yana zancen taga da bango, ya ce ƙofa, sai in ɗauki hankalina in kai shi wani gari? Kalma ɗaya ta gagare ka, “garin”, kai da ka cika takarda da yadda kaza ke numfashi.

Na haƙura da ka ce mani mai jera tubali. Na haƙura da ka ce na toshe taga da gangan, wanda har yau ba ka janye ba. Amma ka sa sunan matata, wadda ke barin aikinta tana karanta surutunka. Guduma ba za ta taɓa bangon ga ba sai ka rubuto cewa kai ka yi kuskure, ka ba Hawwa haƙuri, a karanta gaban liman da Sagir da ka sa na tara. Saura kaji ashirin da takwas.

Dalhatu.

Ƙari daga Hawwa: Malam Abdullatif, ni ma takardarka tana hannuna. A cikin wannan umarnin ka rubuta Taga da babban baƙi, ka rubuta Iska da Raga, a sama ka rubuta Ƙasida. Ban san garin da ake kira Taga ba. Duk abin da ka ɗauka da muhimmanci girmama shi kake yi, ta ina zan gane wannan ɗaya gari ce?

*

Kankiya,
21 ga Afrilu.

Malam Dalhatu,

Bayan gaisuwa, na yi kwana biyu ina nazarin sharaɗinka, na rubuta amsa sau biyar ina yagawa.

Na duba, kuma gaskiya ne akwai wasu kalmomi da na fara da babban baƙi ba bisa ƙa'ida ba. Ana iya cewa hakan ya taimaka wajen rikitar da ma'ana. Sai dai adalci shi ne a ce an samu rashin fahimta daga ɓangarori biyu, domin bayanin danga yana nan a takardata ta biyu. Idan kalamaina sun ɓata wa Hawwa rai, ba haka na nufa ba. Ina ganin wannan ya isa a karanta a gaban kowa.

Ina jiran labarin an buɗe tagar.

Abdullatif.

*

Kusada,
23 ga Afrilu.

Abdu,

Ni ce Adawiyya, Hawwa na rubuta mani. Ya ƙafa? Allah ya sa kana cin abinci.

An karanta wa Dalhatu takardarka ya ce wannan ba haƙuri ba ne, sanarwar rediyo ce, ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi wani gini Kaikai. Jiya da azahar na shiga na tarar da biyu sun miƙe, ɗaya cikinsu ita ce ja ɗin da ke bina har madafa. Sauran duk baki buɗe, ba mai ko ƙara. Na ce to, ni ban iya karatu ba ban iya gini ba, amma na san inda nake juya fuska in zafi ya dame ni.

Na ɗebo ruwa tulu huɗu na jiƙa bangon wajen danga, na ɗauko taɓarya. Hawwa ta kama mani. Kafin la'asar mun huda. Ba ƙafa huɗu ba ne, ba kuma murabba'i ba, ya yi kama da bakin rumbu, ta sama ya ɗan tsage. Iskar da ta shigo sai da ta ɗaga mani ɗankwali. Kajin duk suka taso suka jeru a wurin. Yau sun ci dusa.

Ashirin da shida suka rage mani. Ramin a buɗe yake, kwando da tsohuwar tabarma nake karawa in rana ta faɗi, kuma na ga sawun muzuru yau da safe. Ni ba na sa baki a rigimarku, ku manyan maza ne. Amma ku sani kaji goma sha tara na binne kuna aika wa juna takarda, kuma babu ɗayanku da ya yi asarar ko gashi ɗaya.

Yayarka,
Adawiyya.

*

Kankiya,
24 ga Afrilu.

Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum.

Ni na yi kuskure. Na rubuta magana mai fuska biyu, ka gargaɗe ni, na ƙi ji. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Hawwa, ki yi haƙuri, ba ki da laifin komai. A karanta wannan a gaban liman da Sagir da duk wanda kake so.

Ga ragar waya nan a motar Dauda. Ina roƙonka ka sa ta a ramin da Yaya Adawiyya ta huda kafin magariba, ka duba tsagar da ke samansa. Yadda ka ga ya dace.

Ƙanenka,
Abdullatif.

*

Kusada,
29 ga Afrilu.

Abdullatif,

An karanta. Liman ya ce ya yi, Hawwa ta ce ya wuce. Ni ban ce komai ba tukuna.

Raga ta hau ran da ta iso. Na gyara bakin ramin, na sa mashi itace ta sama don kada bangon ya zauna, na buɗe tsaga a ɗaya gefen. Ban auna ba. Kaji ashirin da shida, ba wadda ta ƙara faɗuwa.

Jiya ɗaya ta yi ƙwai. Yaya Adawiyya ni ta ba, na ci da safe. Ta ce lallai a faɗa maka.

Dalhatu.